Maɓallin da Ya Ƙi Ci: Sharhi kan Gyaran Tsofaffin Fiyano

Fiyano ba ya mutuwa rana ɗaya. Tun kafin sautinsa ya shaƙe ko allon rubutunsa ya dushe, maɓallan da ke fuskarsa ne ke fara gazawa, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗi a wurin biki, a Lambara ko Boɗinga ko cikin garin Shagari, inda akan ɗauko mawaƙa daga Sakkwato da janaretansu da lasifikokinsu, zai iya ganin abin da idonsa. Mawaƙi ya ɗaga hannu, 'yan amshi sun kimtsa, makaɗi ya danna maɓallin tayar da ganga, shiru kake ji. Ya sake dannawa, ya ƙara ƙarfi, ya karkata babban yatsa ya soka farce a kusurwar da ya san tana ɗan ci. Sai gangar ta tashi ta tsaya nan take, domin dannawa ɗaya ta shiga sau biyu. Idan ka leƙa fuskar irin wannan fiyano za ka tarar rubutun da ke kan maɓallin ya goge, robar ta yi santsi tana ƙyalli, wani lokaci ma an cusa guntun ashana a gefenta don ta daina nutsewa.

Abin da ke ƙarƙashin wannan roba ɗan mitsitsi ne, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma saboda shi ake jingine fiyano a bayan ƙofa, ƙura ta yi ta cinsa, daga bisani a miƙa wa 'yan jari-bola su auna a kan kilo. Wannan asarar tana damuna ƙwarai, domin waɗannan akwatuna sun riga sun shiga tarihin kiɗanmu, ko mun so ko mun ƙi.

Mamman Sani Abdoulaye na Yamai, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO, ya sayi wani ogan na lantarki ƙirar Orla ta Italiya daga hannun wani abokin aikinsa ɗan Ruwanda. Da shi ya naɗi kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasar Nijar a 1978, kuma shekara da shekaru 'yan Nijar suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Amurka, ya sake fitar da kaset ɗin a faifai, duniya ta san da shi. A Kano kuwa, bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo, ba a jima ba fiyano ya zama makaɗin masana'antar gaba ɗaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin yadda aka faro da ƙananan Casio, aka koma kan Yamaha samfurin PSR, musamman a situdiyon Iyan-Tama a ƙarshen shekarun 1990. Abin da ya ja hankalin makaɗan shi ne muryoyin da ke cikin akwatin, waɗanda idan an iya zaɓe sukan yi kama da sarewa da goge da ganga. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999, wadda ta game gari, kiɗan fiyano ce. Daga nan abin ya bazu zuwa waƙoƙin bege da na siyasa da na amare. Ko a baya-bayan nan, wani makaɗi a Yamai da ake kira Hama ya yi suna da tsohon Yamaha PSR-64, har aka fitar masa da faifan Torodi a 2015.

Mutanen ƙasar Sakkwato ba sai an gaya musu darajar kayan kiɗa ba, su da suka ji kotson Narambaɗa da taushin Jankiɗi. Makaɗin kalangu idan fata ta fashe ba ya jefar da icen, sabuwa yake ɗaurawa, don ya san fata abar ƙarewa ce, icen kuwa na gado ne. Haka maɓalli yake a jikin fiyano. Muryoyin suna cikin ƙwaƙwalwar lantarkin da ba a ƙera irinta kuma, maɓallin kuwa dama can an yi shi ne don ya gaji a canja.

Yadda maɓalli ya zama ƙofar komai yana da dalili. Na'urorin haɗa sauti na shekarun 1970, irin su Minimoog, fuskarsu cike take da abin murɗawa, kowane aiki da nasa. Da ƙwaƙwalwar lantarki ta yi araha sai kamfanoni suka ga za su rage kashe kuɗi idan suka kwashe waɗannan duka, suka bar 'yan maɓallai da ƙaramin allon rubutu. Moog Source na 1981 ya fito da shafaffiyar fuska ta leda. Yamaha DX7 na 1983, wanda aka sayar da fiye da 150,000, shi ma ledar ce, da maɓallai 32 na zaɓen murya a jere. Makaɗa ba su ji daɗin ledar ba, don haka a DX7 na biyu Yamaha ya koma kan maɓallai masu nutsewa. Roland D-50 na 1987 da Korg M1 na 1988 duk wannan hanya suka bi. Sakamakon haka nauyin aikin ya taru a kan 'yan maɓallai kaɗan: na ƙari da na ragi, na amincewa, na fita, sai kuma na tayar da ganga da na juyinta a fiyanon da ke raka mawaƙi. Kamfanonin da ke ƙera ƙananan maɓallan, irin su Alps da Omron na Japan, sukan ƙiyasta musu rayuwar dannawa 100,000 zuwa 1,000,000, gwargwadon samfuri. A ƙaddara makaɗi yana danna maɓallin juyin ganga sau 300 a dare, dare uku a mako. Cikin shekara biyu da 'yan watanni ya ƙure lissafin farko, alhali maɓallin da ke maƙwabtaka da shi ko sau dubu ba a taɓa ba.

Idan aka buɗe tsohon fiyano, ɗaya daga cikin iri uku za a tarar. Wanda ya fi yawa a manyan na'urori shi ne ɗan akwati baƙi, milimita 6 a kowane gefe, mai ƙafa huɗu, wani lokaci biyu, da aka dasa a jikin fanel da dalma. A cikinsa akwai ɗan faifan ƙarfe mai doro. Idan aka danna sai doron ya lotsa ya taɓa ƙasa, wuta ta wuce, shi ne ƙas ɗin da yatsa ke ji. Wuraren da ke haɗuwa an shafe su da azurfa, azurfa kuwa tana baƙi idan ta daɗe a cikin iska mai ɗauke da farar wuta, hayaƙin janareta kuma ba ya rasa ta. Wannan baƙin shi ke hana wuta wucewa. Shi ya sa maɓallin da ba a taɓawa sam shi ma yakan mutu, kuma fiyanon da ya yi shekara goma a ajiye cikin kwantena kafin ya iso kasuwar gwanjo yakan zo da rabin maɓallansa a kurmance. Wanda ake yawan dannawa kuwa doronsa ne ke gajiya, ƙas ɗin ta ɓace, ya koma yana shiga sau biyu ko ya ƙi shiga.

Iri na biyu shimfiɗar roba ce mai ƙulle-ƙulle, a ƙarƙashin kowane ƙulli akwai ɗigon baƙin kabon da ke sauka a kan zanen da ke jikin fanel. Irin na cikin rimot ɗin talabijin ke nan, kuma shi ya fi yawa a ƙananan Casio da PSR da suka cika ƙasarmu. Na uku ita ce ledar nan ta Moog Source, ganye biyu masu zanen azurfa da siririyar tazara a tsakani, an manne su da fuskar na'urar.

Ba don ƙasarmu aka ƙera ko ɗaya daga cikinsu ba. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, cikin ɗakin kwano ko bayan mota kuma ya fi haka nesa. Zafi yana busar da roba, ya sa marfin maɓalli ya yi gautsi, ya sassauta gam ɗin leda. Hunturu ya zo da ƙurarsa mai laushi wadda ba ramin da ba ta shiga. Idan ta haɗu da zufa da maiƙon yatsa, balle na wanda ya ci tsire ya koma kan kiɗa, sai ta zama danƙo a kan kabon. A ƙara da jijjigar hanya, don sau da yawa a bayan kabu-kabu ake goya fiyano, ko a danne shi da lasifika a bayan mota daga Sakkwato a bi titin Jega, a ratse zuwa ƙauye. Sai kuma babban abin da ke ƙarasa shi, wato hannun mai shi. Da maɓalli ya fara gardama sai a ƙara masa ƙarfi, ƙarfin kuma ba a kan maɓallin kaɗai yake sauka ba, fanel ɗin ne ke lanƙwasa a ƙasa, dalma ta tsage, marfin ya karye daga maƙalarsa. Matsalar da za a magance da ɗan abu guda ta zama uku.

Kuskuren da aka fi yi a wajen gyara shi ne gaggawar ɗora wa maɓalli laifi. Ba kowane maɓalli ke da wayarsa zuwa ƙwaƙwalwa ba. An jera su ne layi-layi, na tsaye da na kwance, ta yadda wayoyi 16 za su ɗauki maɓallai 64, ƙwaƙwalwar kuma tana bin layukan da sauri tana duba inda aka haɗu. Saboda haka idan maɓallai shida ko takwas suka ɗauke a rana ɗaya, cikinsu har da waɗanda ba a cika taɓawa ba, to layi ne ya yanke. Ko dai faffaɗar wayar da ke haɗa fanel da fanel ta zame daga mazauninta, ko dalma ta tsage, ko fanel ɗin ya dare, ko kuma batir ya zubar da ruwansa ya cinye zanen jan ƙarfe, kamar yadda aka san Korg Polysix na 1981 da yi. Wanda ya canja maɓallai a nan ya yi aikin banza. Maɓallin da shi ne ya gaji a hankali yake gazawa, kuma waɗanda aka fi dannawa ne ke fara tafiya. Mita tana raba gardama. A ɗora bakinta biyu a ƙafafun maɓallin a danna: lafiyayye zai nuna kusan sifiri ya tsaya cak, gajiyayye kuwa lambobin za su yi ta rawa, su hau su sauka gwargwadon yadda aka matsa.

Na roba sau da yawa wanki kawai yake so. A ɗaga shimfiɗar a hankali, a wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a bar ta ta bushe sarai a inuwa. Zanen da ke kan fanel a goge shi da auduga da sifirit, wanda ya fi kyau shi ne irin da ake kira isofurofil, idan babu a yi da na kemis a jira ya bushe. A nan nake da ja da al'adar wasu masu gyara. Fetur da tina sun zama ruwan wankin komai a kan tebur, kuma ga fiyano guba ne. Fetur yana kumbura robar, ta ƙi komawa mazauninta. Tina tana cin jikin akwatin, ta share rubutun fuska wanda ba mai iya mayar da shi. Haka nan kankare kabon da reza, wai don ya yi sabo, yana cire ɗan abin da ya rage ne. Goga fensir a kan ɗigon yana aiki na 'yan kwanaki, sannan garinsa ya watsu ya haɗa inda bai kamata ba. Masu manna takardar azurfar kwalin sigari da sufa gulu su ma suna samun biyan buƙata na ɗan lokaci, amma tururin gam ɗin yana barin farin hazo a kan zanen, takardar kuma wata rana za ta ɓalle ta yi yawo a cikin na'urar. Idan kabon ya cinye da gaske, akwai fentin kabon da ƙananan ɗigo masu gam da ake sayarwa don gyaran rimot. Idan ba a samu ba, gara a yanko ɗigon daga mataccen rimot da sabuwar reza a manna da ɗan gam na silikon, ya fi takardar sigari aminci nesa ba kusa ba.

Mai ƙafa huɗu kuwa ba ya jin wanki. A fesa masa maganin goge tsatsa ya farfaɗo na 'yan makonni, sannan ya koma gidan jiya, don doron da ya gaji ba ya warkewa. Mai irin na sassauta noti kuma kada ya kusance shi, ƙura yake tarawa. Maganinsa canji ne, kuma a nan aikin yake.

Kafin a sayo sabo sai an cire guda an auna. Faɗin ɗaya ne a yawancinsu, amma tsayin ɗan kan da ake dannawa ya bambanta: akwai mai milimita 4.3, da 5, da 7, da 9.5, da waɗanda suka fi haka. Idan ya gaza da rabin milimita marfin ba zai kai gare shi ba, idan ya zarce kuma da an ɗaure akwatin zai zauna a danne, fiyanon ya rikice tun daga kunnawa. Akwai kuma nauyin dannawa, wanda aka fi samu giram 100 da 160 da 260. Wanda ya saka mai tauri a maɓallin juyin ganga ya cuci yatsan makaɗi, ya kuma jawo a ci gaba da matsa fanel. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne ƙafafun nan huɗu biyu-biyu ne a haɗe ta ciki, kuma masu zana fanel sukan yi amfani da wannan haɗin a matsayin gada da layi ke bi ya wuce zuwa maɓalli na gaba. Idan aka saka mai ƙafa biyu a gurbin mai huɗu, ko aka bar ƙafa ɗaya ba dalma, sai a ga wasu maɓallai can gefe da suke lafiya sun ɗauke, mai gyara ya rasa ta inda aka hau.

Buɗe akwatin kansa yana son natsuwa. A zare wuta tukuna, musamman a na'urorin da taransifomarsu ke ciki. A ɗauki hoton kowane mataki da waya. Kusoshin ba tsayinsu ɗaya ba, doguwa idan ta shiga ramin gajera sai ta huda fuska ta fito, don haka a soka su a jikin kwali bisa tsarin da aka ciro su. Wajen mayarwa a fara juya kusa baya-baya har a ji ta faɗa tsohon zarenta, sannan a ɗaure, in ba haka ba za ta yanki sabon zare ta fasa robar da shekaru suka busar. A lokacin hunturu kuma, sa'ad da riga ke tartsatsi idan an tuɓe ta, wannan wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya kashe ƙwaƙwalwar fiyano ba tare da an ji ko ƙara ba. A taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a taɓa fanel, a riƙe shi ta gefe.

Wajen cirewa ne ake gane gwani. Yawancin waɗannan fanel ɗin masu launin ƙasa ne, zanen jan ƙarfe a fuska ɗaya, gam ne kawai ke riƙe da shi, gam ɗin kuma ya shekara talatin ko arba'in. Dalmar da aka yi aiki da ita kafin dokar Turai ta 2006 mai gubar darma ce, tana narkewa wajen digiri 190, don haka ƙarfen liƙi mai digiri 320 zuwa 350 ya wadatar. Ka ga gwani ya kifa fanel a kan tsumma, ya ɗan ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwa don ta saki, ya ɗora bakin ƙarfen daƙiƙa biyu ko uku, ya zuƙe da famfon zuƙe dalma, ya taɓa ƙafar da hantsaki ya ga tana motsi a cikin raminta, sannan ya wuce ta gaba. Ba ya ɓamɓara. Idan ƙafa ta ƙi, sai ya juya fanel ya datse ƙafafun huɗu daga sama, tun da tsohon maɓallin bola za shi, ya zare su ɗaya-ɗaya. Wanda bai iya ba kuwa zai danna ƙarfe ya daɗe, ya soka sukudireba a ƙasa ya ɗaga, maɓallin ya fito tare da zoben jan ƙarfen da ke kewaye da ramin. Ana iya ɗinke wannan da siririyar waya, amma fanel ɗin ya samu tabo ke nan. Wajen dasa sabo, a liƙa ƙafa ɗaya tukuna, a danna shi da yatsa a sake narkawa har ya zauna daram a kan fanel, sannan a ƙarasa sauran. Wanda ya zauna a karkace marfi zai riƙa cin gefensa, ba zai yi ƙarko ba. Bayan an gama a wanke hannu kafin a ci abinci, saboda darmar.

A nan ne gardama kan tashi tsakanin mai kaya da mai gyara. Makaɗi ya ce, “Maigida, ukun ga kaɗai za ka canza min, sauran lafiya lau suke.” Mai gyara ya ce, “Malam, tun da an buɗe a yi su duka, in ba haka ba bayan salla kana nan tahe.” Ina bayan mai gyara, don maɓallan sa'o'in juna ne, iska ɗaya suka shaƙa, kuma kowace buɗewa tana cin zaren kusoshi da faffaɗan wayoyi fiye da yadda dannawa ke cin maɓalli. Amma da sharaɗi. Maɓallai 50 ƙafafu 200 ke nan, kowace ƙafa kuma dama ce ta ɗaga zane. Idan abin da ke hannun mai gyara ƙarfe ne da ake gasawa a kan gawayi ko risho saboda rashin wuta, ko wanda ba a iya saita zafinsa, kuma ba shi da famfon zuƙa, to a tsaya a kan waɗanda suka mutu da waɗanda aka san su ne na gaba. Sauran a bari sai an je inda kayan aiki suke.

Game da wanda ya kamata a kai wa, ra'ayina ya saɓa da abin da matasa ke yi. Su wajen mai gyaran waya suke nufa, don shi ne ɗan zamani. Amma aikin waya na hura iska mai zafi ne a kan ƙananan abubuwan da aka manna a saman fanel, iskar nan kuwa tana narka jikin maɓalli da ƙananan fitilun da ke gefensa, ta kumbura tsohon fanel. Dattijon nan mai gyaran rediyo da rakoda, wanda ke shimfiɗa teburinsa ranar kasuwa, ya shekara talatin yana zare abubuwa masu ƙafa daga irin wannan fanel ɗin, hannunsa ya fi kusa da aikin. Abin da yake buƙata bai wuce ƙarfe mai saiti, da famfon zuƙa, da maɓallan da suka dace, da wanda zai nuna masa yadda akwatin ke buɗewa ba. Mutumin Lambara ba lalle sai ya kai Kano ba idan aka haɗa waɗannan.

Samun kayan ne ke da ɗan wuya. Masu ƙafa huɗu ana samunsu a shagunan kayan gyaran lantarki na Sabon Gari a Kano da kasuwar Alaba a Legas, ana kuma yin odarsu ta intanet ɗari-ɗari a leda. Sai dai marasa suna da ake sayarwa a arha ba su kai na Alps ko Omron ƙarko ba, kuma tun da wahalar aikin ta ninka kuɗin kayan sau da yawa, tsumulmula a nan hasara ce. Idan an matsu, akwai wata ma'adana a kusa. Matattun talabijin da na'urorin faifan bidiyo da risibar dish duk suna da irin waɗannan maɓallai a fuskarsu, waɗanda kusan ba a taɓa dannawa ba saboda kowa da rimot yake aiki. Doronsu sabo ne, ko da yake azurfarsu ta iya yin baƙi, don haka a gwada kowanne da mita kafin a dasa. Ledar Moog Source da ire-irenta ita ce ba ta da dabara a gida. Wasu ƙananan masana'antu a Turai da Amurka suna buga sababbi, kamfanin Syntaur da ke jihar Texas kuma ya shahara da tara kayan tsofaffin na'urori, amma kuɗin aikowa da canjin dala sukan fi ƙarfin makaɗin biki. A irin wannan hali ban ga laifin a jawo siraran wayoyi daga layukan zuwa wani ɗan akwati na daban mai maɓallai ba. Abin da nake ƙi shi ne a huda fuskar na'urar a dasa makunnin ƙararrawa, don rami ba ya toshewa idan an samu ledar daga baya.

Akwai abin da mai kaya ya kamata ya yi tun kafin ya miƙa. Muryoyin da ya gyara da kansa da kiɗan da ya tsara, a na'urori irin su DX7 da M1, wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe da su, kuma a DX7 an liƙa shi ne da dalma. Idan ya mutu, ko aka taɓa shi garin gyara, aikin shekaru ya tafi. A kwashe komai tukuna, a kati ko faifan fulofi ko kwamfuta, gwargwadon abin da na'urar ke karɓa. Tun da an buɗe kuma, a canja batirin a saka masa mazauni mai zarewa. Bayan an rufe kada murna ta sa a jona kai tsaye: kayan gwanjo na Japan wutar 100 suke ci, na Amurka 120, tamu kuwa 230 ce, adaftar tsofaffin Casio da ta Yamaha kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba, bakinsu ma a juye yake da juna.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, alhali situdiyoyin titin gidan Zu a Kano sun koma kan kwamfuta, shi kansa Hama daga baya manhajar FruityLoops ya runguma. Gaskiya ne, kuma ba kowane fiyano ya cancanci a kashe masa kuɗi ba. Wanda ruwa ya shiga, ko wuta ta ƙone ƙwaƙwalwarsa, ko ƙaramin na yara marar suna, gyaran maɓallinsa ɓata lokaci ne. Amma kwamfuta ba ta bin mawaƙi a filin biki idan ya ja baiti ko ya tsaya yi wa wani kirari, yatsan makaɗi ne a kan maɓallin juyi ke yin wannan. Sabon fiyano na kirki kuma ya fi ƙarfin yaron da ke koyo a Shagari ko Yabo. Masu tara tsofaffin na'urori a Turai har muhawara suke yi kan ko canja maɓalli yana rage wa kaya asalinsa. Ni wannan bai dame ni ba. Abin da nake so a kiyaye shi ne fanel da fuska da muryoyin, maɓalli kuwa a saka wanda ya fi inganci a yau.

Shi ma wanda ya mutu murus kada a yi saurin sallama shi. Marfin maɓalli da shimfiɗar roba kowane samfuri da nasa, kamfanonin sun daɗe da daina yin na tsofaffin, kuma injin da ke buga irin waɗannan marafa da roba bai yawaita a wajenmu ba tukuna. Kafin a ba 'yan jari-bola gangar jikin, mai gyara ya zare shimfiɗun roba na fuska da na ƙarƙashin farare da baƙaƙen haƙoran kiɗa, da marafan maɓallai tare da firam ɗinsu, da faffaɗan wayoyi, da allon rubutu, da abin murɗa ƙara, har da kusoshin. Ya zuba na kowace na'ura a ledarta, ya rubuta lambar samfurin da ke manne a ƙarƙashin akwatin a takarda ya jefa ciki, ya ajiye a inda rana ba ta kaiwa.